Darbejiya Ta Hau Dutse

Ni na kawo ta, kada a ɗora wa wani.
Ina aji huɗu, ranar dashen itatuwa,
motar gandun daji ta taso daga Rano,
ta tsaya ƙofar makaranta tana haki,
aka miƙa wa kowa tsiro a baƙar leda.
Nawa ganye biyar ne, ɗaya ma a karye.
Na ɗauko shi a ka kamar tulun ruwa,
na dasa bayan danga, inda ake hango dutse.

Goggo Tasalla ta tsinki ganyen ta tauna,
ta tofar, ta goge baki da haɓar zane.
Ta ce, "Wannan ba 'yar ƙasar nan ba ce.
Icen da gara ta shinshina ta wuce,
ku bi shi a sannu."
Muka yi dariya, muka watse.

Ba zan yi mata butulci ba.
Ta sha ruwan wanke-wanke ta biya da inuwa.
Ta ba mu asuwaki, ta kori zazzaɓi,
a gindinta aka raɗa wa 'ya'yana uku suna,
a gindinta aka karɓi gaisuwar Goggo
ranar da ƙasa ta rufe.

Ashe jemagu ta ɗauka 'yan dako.
Su zo bayan isha su tsotse zaƙin,
su kai ƙwallon can sama su yar a tsagi,
inda kashin rema ya taru ya zama taki.
Damina ɗaya, biyu, goma,
muna ƙasa muna lissafin gero,
ita tana hawa, ba tsani, ba sallama,
taki ɗaya kowace shekara, a ɓoye.

Da can dutsen nan kantin Goggo ne.
Ararrabi mai saɓa kamar tsohuwar takarda,
kukkuki mai hawayen ƙaro,
tsada da ke ɗaure wa yaro fuska,
faru a gefen kogo, taura a gangare.
Da rani duk su tuɓe su tsaya tsirara,
ba kunya, sun san ruwa zai dawo.
Kazar dutse na kira tun da asuba
daga ciyawar da yanzu ta ɓace.

Bana 'yata ta haihu, aka nemi sassaƙe.
Na ɗauki gatari, na ja jikata Kyauta,
muka hau ta hanyar da ƙafa ta sani.
Ƙafa ta sani, ido ya musa.
Kore ta ko'ina, a tsakiyar bazara,
kore iri ɗaya, ɗaci iri ɗaya,
ƙarƙashinta fayau kamar an yi shara,
sai 'ya'yanta, dubu, kai da kai, a tsaye.

Masu wucewa a mota kan ce, "Dutsen ya yi kyau."
Haka kumburi yake ga mai hange daga nesa:
sai ya ce ƙiba ce.

Sai da rana ta take muka sami ararrabi,
guda ɗaya, ya miƙa wuya yana neman haske,
bakwai sun kewaye shi kamar masu bin bashi.
Na sare biyu, hannu ya yi kanta.
Na san aikin banza ne:
ka sare ɗaya, kututture ya ba ka goma.
An ce baƙo raɓa ne.
Wannan raɓar ta yi saiwa, ta fasa dutse.

Kyauta ta shafa jikin ararrabi,
ɓawon ya biyo yatsunta, ta shinshina.
Ta ce, "Kaka, wannan baƙuwar bishiya fa,
wa ya kawo ta nan?"

Ban amsa ba.
Na sassaƙi kaɗan, ta gefen da bai ji ciwo ba,
na karyi reshe ɗaya na sa a aljihu,
ko zai kama a bayan danga.

Muka sauko, zafi ya kai ga ƙashi.
Ina isa gida, ban ko yi shawara ba,
na jingine gatarin a jikinta,
na zauna a inuwar, a gajiye.