Takardar Ɓaure

A Izmir, hawa na uku, tagata na kallon teku,
ni ce Feride, mai ƙirga ambato.
Duk Disamba a turo min sunaye talatin da biyu
na malaman Sashen Banki da Hada-hadar Kuɗi,
in jera wa kowa maƙalunsa da yawan masu ambatonsa.
Ba a ɗauke ni aiki don in karanta ba.

Farfesa Tuncay: dubu uku da ɗari da sha biyu.
Maƙalarsa kan rawar farashin hannun jari
ta zaga duniya ba ko fasfo.
An kira ta a Seoul, an kira ta a Toronto,
wani ya jingina da ita a layi ɗaya ya wuce,
wani ya kwaso sunanta daga jerin wani,
ko kuskuren shekarar bai gyara ba.

Ba hassada nake yi ba, mutumin ya yi gumi.
Na sha barin fitilarsa a kunne
bayan jirgin ruwan ƙarshe ya tashi,
shayi ya huce a gilashi bai kurɓa ba.

Can ƙasan jeri, Dakta Nevzat: huɗu.
Ɗaya shi ya ambaci kansa,
ɗaya ɗalibarsa ce, don kara,
biyun sun kawo shi ne su ce samfurinsa ya yi kaɗan.
Shekara tara yana bin ƙauyukan Aydin
da ɗan littafi a aljihu, yana tambayar masu ɓaure
yaushe kuɗi ke shigo musu,
yaushe banki ke ƙwanƙwasa ƙofa.
Ya gano ranakun ba sa ga maciji:
bashi na nuna tun a Yuli,
ɓaure bai ko fara bushewa ba.

Mujallar da ta buga masa ta mutu tuni.
Kwamitin ƙarin girma ya zauna sau uku a kansa,
aka sha shayi, aka yaba halinsa,
kujerarsa ba ta motsa ba.

Ran wata Laraba, ana yayyafi,
wata mata ta hawo matakala tana haki:
Sermin, akawun ƙaramin bankin manoma a Nazilli.
Ta zaro takardu daga leda,
kwafin kwafin kwafi, sun yi laushi kamar tsumma,
tabon man zaitun a gefe,
zoben gindin gilashin shayi a kan taƙaitawa.
Ta ce, "Shafi na sha huɗu ya yage mana.
Da jadawalin nan muke sa ranar biya.
Tun da muka mai da ita Oktoba
ba mu ƙara karɓe gonar kowa ba."

Na tambaye ta ko ta san marubucin.
Ta duba sama, inda injin kwafi ya cinye sunan,
ta ce su dai takardar ɓaure suke ce mata,
ba su san tana da uba ba.

Na buga mata shafin,
na nuna mata ƙofa ta biyar a hagu.
Ta shiga. Na ji tarinsa, na ji shiru,
sannan wata dariya da a shekara sha ɗaya
ban taɓa jin ya yi ba.

Da yamma na koma kan fom ɗina.
Gurbin maƙala, gurbin mujalla, gurbin ambato.
Na nemi inda zan sa gonakin Nazilli,
da tabon mai, da hakin Sermin.
Kwamfuta ba ta karɓar komai sai lamba.
Na rubuta huɗu, na tura,
na kama jirgin ƙarfe shida.
Tsuntsayen teku na bin mu don gutsuren burodi,
ina jefa musu, ina ƙirga su don sabo,
ba su tsaya na gama ba.