Hatimin Labbo

A ƙasan adakar kakata na tsinci hatimi,
robar ta tsattsage, tawadar ta bushe.
Sai da na kara shi a madubi ya karantu:
Labbo Nomau, Shugaban Majalisar Gari.

Kafin kujera, malamin awo ne a tashar Ƙaura,
inda dogo ya gaji ya tsaya.
Gyaɗar Zamfara ta bi ta hannunsa shekara tara,
ba a taɓa kama sikelinsa da ƙarya ba.
Iyakar kamfen ɗinsa ke nan.

Ya ɗauke kwata daga bakin rijiya.
Mahauta suka yi wata biyu ba gaisuwa,
Sarkin Fawa ya aiko masa da ƙashi tsura a faranti.
Ya sa aka dafa, ya shanye romon,
ya mayar da farantin cike da goro.

Kwalbati uku. Fitilar kasuwa.
Da littafin haraji
wanda ya buɗe da sunan surukinsa.
Wannan ne ya ci shi.
Ƙuri'a sha ɗaya, in ji kakata,
tana lanƙwasa yatsu,
biyu daga cikin gidan nan suka fito.

Ya koma sayar da kananzir a ƙofar gida,
yana cika kwalba har wuya.

Jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Na tsaya kan na biyun,
kwararo na ruri a ƙarƙashina.
Na tambayi wani ɗan acaba sunan wurin.
Ya dube ni, ya ce, "Kwalbati."