Kwana Goma Ba Magana

Ni ce Podimenike, mai girki a kan tsauni,
sama da gonakin shayi, inda hazo ke kwana.
Ƙarfe huɗu na asuba nake buga ƙararrawa,
birai su riga baƙi tashi.

Ta jirgin ƙasa suke zuwa daga Kandy,
kaya a gadon baya kamar kunkuru,
ƙwauri duk cizon matsattsaku.
Sun ƙetare teku, sun zubar da kuɗi
don kawai su zo su yi shiru.

A bakin ƙofa nake karɓe wayoyinsu,
in zuba a tsohon gwangwanin biskit,
kowace da sunan mai ita a ɗaure.
Wani sai ya shafi tasa tukuna
kamar mai barin jariri wurin raino.

Malaminsu, kai a aske, mayafi ruwan ɗorawa,
karatunsa bai fi cikin cokali ba:
numfashi ya shiga, ku sani,
numfashi ya fita, ku sani.
Ni shekarata sittin da uku ina numfashi,
ban taɓa biyan ko rupi ɗaya ba.

A wannan zuwan akwai wata Torun daga Norway,
doguwa, gashi kamar gemun masara.
Ran farko ta zauna ƙyam kamar an dasa ta.
Ran uku gwiwa ta fara kai ƙara,
matashi uku ta tara, bai hana ba.
Ran biyar na gan ta tana bin tururuwa da ido
tun daga rijiya har gindin kwakwa,
na ce to, aiki ya fara ci.

Ran bakwai, da hantsi,
na zuba mata shinkafa da miyar wake,
ta ɗaga cokali, ya tsaya a hanya.
Hawaye ya sauko, ba shessheƙa, ba motsi,
ɗis, ɗis, cikin kwano,
miyar da dama gishirinta ya ji.

Doka ta hana magana, ta hana haɗa ido.
Ko ba doka ma, da wane baki?
Ban san ko wa ta binne ba,
ko wa ya fita bai rufo ƙofa ba.
Na dafa citta, na jefa mazarƙwaila,
na ajiye kusa da hannunta, na koma murhu.
Da na dawo kofin ya bushe,
an wanke shi, an kife.

Abin da ba ta sani ba:
ɗana Janaka yana Koriya, a jirgin kamun kifi.
Wata biyar ke nan wayata ba ta yi tari ba.
Tana nan a ƙugu, cikin zane,
in taɓa ta ina yanka albasa,
in taɓa ta ina shanya.
Shirun da suka sayo da tsada
ni kyauta aka kawo min, har gida,
ban kuwa roƙa ba.

Ran goma na buɗe gwangwani.
Wayoyi suka farka kamar kwaɗi bayan ruwa.
Ta Torun ta yi ta rawa a tafinta,
ta dube ta, ta sa a aljihu ba ta karanta ba.
Ta riƙe hannuna biyu, masu ƙaurin hayaƙi,
ta yi godiya da yarenmu, a karkace,
na yi dariya har da tari.
Sannan ta gangara, hazo ya haɗiye ta.

Da dare, bayan na kashe wuta,
na zaro tawa, na sa a gwangwanin,
na rufe, na zauna a kan matashinta.
Numfashi ya shiga, na sani.
Numfashi ya fita, na sani.
Amma kunnena, ɗan banza,
yana can cikin gwangwani.