Lemon Saiwa

Ran kasuwar Gujungu Sallau ya dawo da yamma,
taki a bayan babur, kwalba ɗaya a hammata.
Ya dire ta kan tabarma a gindin ɗorawa
kamar mai kawo sammaci daga Dutse.

"Lemon saiwa ne," in ji shi. "Ku dubi mai abin."
Muka duba. Ga jarumin nan na cikin waya,
mai hular da ba ta san gumi ba,
haƙora kamar an tsince shinkafa an jera,
ya riƙe kwalba, yana nuno mu da yatsa:
sha ka ji abin da nake ji.

Mu shida, kofin silba ɗaya.
Sallau ya ɓalle murfin da haƙori,
ta yi tsaki kamar kubuwa a kunya,
kumfa ta taso ruwan ƙasa,
irin ta rafi ran ruwan farko.

Barau tela ya fara, don ya girme mu.
Ya kurɓa, ya rufe ido, ya daɗe.
Ya ce, "Wannan man zafin da nake shafa wa gwiwa,
shi aka dama da sukari."
Cindo mai faci ya ce a'a, man goge baki ne,
wanda aka manta a rana.
Gambo ya sha, ya yi gyatsa ta hanci,
hawaye ya zubo, ya ce bai da ta cewa.

Sallau ya ɓata rai.
"Kuɗin mudun gero na zuba a nan.
Harshenku koko ya kashe shi.
Mutumin da ke hawa jirgi kamar jaki
zai sa fuskarsa a kan abin banza?"

Sai ga Iya Tasalla daga fadama,
magirbi a kafaɗa, ƙunshin saiwoyi a ka.
Shekara arba'in tana tonon ƙasa,
ko a duhu takan raba sanya da marke.
Muka ce, Iya, ga shari'a ta zo gidanki.

Ba ta sha ba tukuna. Ta shinshina.
Ta ɗiga a tafin hannu, ta lasa,
ta tsaya kamar mai sauraron kira daga nesa.
"Akwai kanumfari, ko ƙanensa.
Akwai wani itace da bai san ƙasarmu ba.
Sauran duk rake ne ya yi shigar burtu."
Ta ce, "Saiwar da ba ta ɗaci,
me za ta faɗa wa ciki?
Yana maganin me?"
Sallau ya juya kwalbar, ya karanta, ya sake juyawa.
"Ƙishi," in ji shi.
Ta ce, "Randa na yin wannan kyauta."

Jikarta Ladidi, da ko kurɓa ba a ba ta ba,
ta sa yatsa kan hoton.
"Ai tasa a rufe take."
Muka sunkuya duka shida.
Wallahi murfin na nan daram,
shi ko sai murmushi yake.

An yi dariya har kajin Gambo suka watse.
Kwalbar yanzu tana gidan Sallau da man gyaɗa,
jarumin ya jiƙe, rabin fuskarsa ya saɓule.

Ni ne na shanye ragowar, ban ce komai ba.
Kurɓar farko, na yarda da Barau.
Ta biyu, wani sanyi ya bi ta maƙogwaro
kamar ka sa ƙafa a ruwan rijiya da azahar.
Har na kwanta yana nan bayan harshe.

Kasuwa ta zagayo.
Na ce wa mutanen gida igiyar akuya zan sayo.