Tafinta

Da hantsi suka zo da su, mutum goma sha ɗaya,
a bayan motar jandarma, biyu-biyu a ankwa guda.
Na goma sha ɗayan shi kaɗai aka ɗaure.

Ni aikina baki ne.
Alƙali ya zuba da Faransanci, in juye da Hausa,
kamar ɗan ga-ruwa tsakanin famfo da randa:
ruwan ba nawa ba ne, ɗauka kawai nake.

Tun daga ƙofa na gane Kiyari.
Ƙirjin da ya gina da siminti a gwangwanin madara
da tsohon ƙarfen mota, can bayan duwatsun Kara-Kara,
wata tara na jiran shari'a sun cinye rabinsa.
Tabon goshin dai na nan.
Ni na yi masa shi, da murfin tebur, a aji biyar.
Benci ɗaya muka zauna:
shi ya yi mani lissafi, ni in yi masa shifta.
Shekarar da babansa ya kwanta bai tashi ba
ya koma bakin titi da kwalaben fetur,
ni na wuce da alƙalamina.

A kan tebur an jera adda bakwai, kowace da lambarta,
sarƙar babur, ƙwaya a leda, wayoyi sha uku.
Mai gabatar da ƙara ya kira su da suna mai tsawo,
sai da na ja numfashi kafin in ɗauko shi:
ƙungiyar masu aikata laifi.
Su fada suke cewa. Benci ne da butar shayi,
kafin ta zama abin da mata ke jin tsoro bayan isha.

Aka kira Zabairu mai kabu-kabu.
Bai yi magana ba. Hannun riga ya naɗe,
ya nuna inda hannu ya ƙare.
Alƙali ya dube ni, na dubi ƙasa.
Wannan ba ya bukatar tafinta.

Da aka ba Kiyari baki ya ce:
"Na yi. Ban ce ban yi ba.
Amma lokacin zaɓe wa ya kawo mana jika biyar-biyar,
da riguna, da man babur, ya ce mu tare hanyar Dole?
Ina kujerarsa a ɗakin nan?"

Na ce wa alƙali: ya amsa laifinsa, yana neman sassauci.

"Ilu," in ji shi, bai ko ɗaga murya ba,
"ka rage mudu.
Shiftar da ka yi mani ba duka ta zube ba.
Faɗa masa yadda na faɗa."

Fanka na juyawa. Na faɗa, kalma bayan kalma.
Alƙali ya ce ba a tambaye shi wannan ba,
magatakarda bai taɓa alƙalami ba.

Ƙarfe huɗu saura aka karanta hukunci.
Ƙanana uku-uku, wasu biyar.
Shi shugaba: goma sha biyar, kuma ba a kason garin nan ba,
can yamma, inda kwanon tuwon uwarsa ba zai kai da zafi ba.
Daga bakin alƙali ƙara ce kawai.
Sai da ta bi ta bakina ta zama shekaru.

Ya ɗan rufe ido, na san lissafi yake.
"Arba'in da shida," ya ce. "Kai ma haka."

Na bi ta Birni a ƙafa, ban hau babur ba.
A gida na tarar kwana huɗu famfo bai kawo ba.
Na kira ɗan ga-ruwa, ya juye jarka biyu,
ya karɓi kuɗinsa, ya tafi hannu wayam.
Na kurkure baki sau uku.
Gobe akwai wasu takwas.