Baƙuwa a Bakin Zare

Ƙarfe biyun dare a Idi-Araba.
An ɗauke wuta, janareto ya yi tari ya kama.
Daga ni sai injin gwaji
sai guntun burodin Agege da ya bushe a leda.
Jinin lafiyayye ake so a daidaita ma'auni,
na ce abin nema ya samu, na soki yatsana.

Injin ya ce: akwai baƙuwa.
Na wanke kwalba, na sake.
Ya ce: ba ɗaya ba, ba dubu ba, miliyoyi.
Ni kuwa ko mura ba na yi.
Na tsige gashi da saiwarsa, tana nan.
Na yanke farce, tana nan.

Ta shida ce a dangin hapis,
mai dafa jikin jariri kwana uku,
zazzaɓi ya sauka, ƙuraje su yi ja su wuce,
uwa ta ce haƙori ne.
A jikin mutane da yawa ɗakin haya take kamawa ta laɓe.
A nawa gado ta ci.

Zare arba'in da shida ne a kowace ƙwayar jikina.
Babana Ilu, tela a Agege tun ban san kaina ba,
yakan ce tufa daga baki take fara mutuwa,
shi ya sa ba ya wasa da kalmasa.
To zaren nan ma da tasa kalmasar,
haruffa shida ana ta nanatawa:
ta, ta, a, ga, ga, ga,
kamar mai in'ina yana son ya ce ga shi nan
sau dubbai bai ƙarasa ba.
Duk rabuwar ƙwaya sai ta ɗan cinye.
Furfura ke nan, in kana son sunanta na gida.

Ita baƙuwar ta haddace wannan amshi,
tana ɗauke da shi kai da wutsiya.
Ta zo bakin zare ta yi sallama da harshen gida,
mai gyara ya duba, ya ga ɗinki irin nasa,
ya haɗa baki da baki ya ja allura.

Ɗaya cikin ɗari, in ji takardu.
Da safe a Oshodi na tsaya ina ƙirga danfo:
wannan ba kowa, wannan ba kowa,
na shida wataƙila da ɗan'uwana a ciki,
ya maƙale a ƙofa yana rigimar canji.

Ran Lahadi na ɗebi jinin Baba.
Tana nan.
Bai ɗaga ƙafa daga keke ba ya ce: wa ya ba ni?
Na ce ko Inna Tabawa, ko Kaka Ɗantani
da ya rako shanu a jirgin ƙasa bai koma ba,
ko wani can baya da kabarinsa ya baje.
Ya ce: tana ɓarna?
Na ce yawanci barci take.
In garkuwa ta faɗi takan farka,
sauran kuma masana ba su gama sani ba.

Ya yi dariya har zare ya tsinke.
Ya ce: Hansatu, ai zango ta yi.
Mu ma a bakin gari aka sauke mu,
muka koyi gaisuwar masu gida har ta zauna a bakinmu.
Ga ki nan, cibiyarki a bayan shagon nan take,
amma in kasuwa ta rikice
sai a tambaye mu yaushe za mu tafi.

Ban ce komai ba. Na dafa cikina,
wata biyar, yana shuri kamar mai neman ƙofa.
Rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ta ko ya baro ta,
kuma an riga an yi rabon tun daren farko.

Baba ya lashi bakin zare, ya saita allura da hasken titi.
'Yar riga ce, ba ta fi tafin hannu biyu ba.
Ya ninke bakinta sau biyu,
ya taka.