Kifayen Dutse na Dandalin Lemu

Shekara talatin da ɗaya mabuɗinsa na hannuna,
ni Anselmo, mai gyaran famfo a birnin Setubal.
Ƙarfe ne, tsawon kamu guda,
ya ci tafin hannuna har ya bar kanta.
Ranar da na ajiye aiki ba wanda ya tambaye shi,
ni ma ban tuna musu ba.

Kifaye uku ne na dutse, baki sama,
suna feso ruwa tun kafin a haifi uwata.
Na tsakiya ya rasa gefen leɓe,
shi ya sa ruwansa ke karkata hagu
yana jiƙa bencin da Idalina ke zama
tana ɓare lemu, tana yi mini faɗan latti.
Shekara shida ke nan ba ta zauna ba.
Bencin bai sani ba.

Bara aka rufe ruwan, wai fari.
Fari ya wuce, ba a buɗe ba.
Gansakuka ta bushe ta koma toka,
tattabaru su sauko, su leƙa, su tashi
kamar masu zuwa gaisuwa gidan da aka ƙaura.
Ran Talata sai ga takarda a jikin bishiya:
za a haƙe ƙasa, mota ɗari biyu su kwana a ciki.
Lemu goma sha huɗu, kowanne da jan fenti a wuya.

Mu ba mu iya ihu ba, mun tsufa.
Graciete mai kifi ce ta fara zuwa da bokiti da burushi,
ta durƙusa, gwiwarta na kuka kamar tsohuwar ƙofa.
Telmo mai aski ya rufe shago,
ya buɗe littafi a kan teburin 'yan karta:
duk wanda ruwan nan ya taɓa jiƙa shi, ya sa hannu.
Kafin Lahadi littafin ya ƙare, aka koma bayan kwali.
Wani magini da har yau ban san sunansa ba
ya dire rabin buhun siminti, ya wuce aiki.

Ni kuwa na ɗaga murfin ƙarfe na sauka rami.
Abin da na zaro daga bututu:
kwabban da aka daina ci da su,
cokalin jariri, haƙoran roba,
da sojan wasa mai ƙafa ɗaya.

Ina ciki inuwa ta rufe ni.
Injiniya Mafalda ce, da hular kwano ruwan ɗorawa,
ita ta sa hannu a takardar bishiya.
Ta ce ba ni da izini.
Na ce gaskiya ne, 'yata, amma ga duhu.
Ta yi shiru, ta duba agogo,
ta tsuguna ta riƙe mini tocila.

Injin ya ƙi tashi, maƙogwaronsa ya bushe.
Da ruwan ciki akan ja na rijiya:
aka yi layi tun daga shagon burodi,
bokiti na bin bokiti, hannu na miƙa wa hannu,
har da tukunyar miyar wata, ba a ma wanke ba.
Na murɗa.
Kifin farko ya yi tari,
ya yi aman tsatsa ja kamar garin bulo,
sannan ruwa, fari tas,
ya faɗo da tsohuwar muryarsa.
Telmo ya ce fesowar ce ta shiga idonsa.

Majalisa ba ta ce mun yi nasara ba.
Shekara uku ta ba mu, gyara a wuyanmu,
bayan nan a sake zama.
Jan fentin bai gama fita daga bishiyoyi ba.

Yanzu jikan Graciete nake koya wa murɗa mabuɗi,
yaro mai gaggawa, hannunsa da laushi.
Jiya ya kwaɓa sauran simintin nan
zai ɗora wa na tsakiya leɓe.
Na riƙe masa hannu.
Na ce wannan ka bar shi,
akwai mai zama a hagu.